Isyaku, Mai Karɓar Zagi a Ƙofar Dagaci

A'a Lado, dakata. In ba za ka kai ni gidansa a mashin ɗin nan ba, ka ce ba za ka kai ni ba. Amma "ai masinja ne kawai", wannan kar ka ƙara. Zauna gwaggonka ta gaya maka wane ne Isyaku.

Shekara talatin, gari na wayewa yana kan tabarmarsa a ƙofar dagacin Jajaye, da butarsa da goro ɗaya da zai kai shi azahar. Duk wanda ya zo sulhu, iyakar gona ce ko shanu ne suka yi ɓarna, ba ya shiga zaure sai ya bi ta wurinsa. Ya karɓi sandarka ya jingine, ya ja ka bayan katanga, ya ce, "To, ni ne abokin faɗan naka. Zage ni."

Mutum ya yi ta zazzagawa, har kakanni. Isyaku na korar ƙuda. Sai ka gaji ya ce, "Madalla. Yanzu me kake so a yi maka?" A nan da yawa ke kame-kame, don ba su taɓa tambayar kansu ba. In ka samo amsa ya ce, "Ita kaɗai za ka faɗa a ciki, sauran ka bar mini. In wancan na magana, kalli babban yatsan ƙafarka har ya gama." Sannan ya zagaya ya yi wa ɗayan haka.

Da idona na ga wani mutumin ƙauyen Turawa ya zo da adda cikin riga, ya fito yana tambayar abokin gabarsa lafiyar iyali. Dagaci ya sha godiya, har da zabi biyu.

Shi kuwa fa? Wa ke son haɗa ido da wanda ya ji abin da ya ce a kan ɗan'uwansa? An shirya, ana cin tuwo kwano ɗaya, sai a hango Isyaku a kasuwar Rogo a bi wani layin. Suna ba a gaya masa, biki ba a kai masa goro. Yanzu ƙafa ta ƙi, ya ajiye aiki, yana soronsa, ba mai leƙowa sai kaji.

Isyaku, kai ne ramin da garin nan ya binne mugun bakinsa, ba ka taɓa wari ba. Allah Ya saka maka da alheri. Ni ma ina cikin masu bin wani layin, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kunya ce, ba ƙi ba. Duk wanda ya san ya bar kaya bayan katangar nan, ya je ya gaishe shi tun kunnensa na ji. Masu sauraron mutane kuma su koyi rufe baki irin nasa.

Kai kuma Lado, da ka ce ba ka ga aikinsa ba: shekarar farin nan, ni da ubanka mun je gaban dagaci kan gonar gado ta bakin rafi. Bayan katanga na faɗi wata magana a kan ubanka, wadda da ta shiga zaure, da ba ka taɓa shan furar hannuna ba. To gaya mini, me na ce?

Ba ka sani ba. Ubanka ma har ya koma ga Allah bai sani ba. Tashi ka ta da mashin.