Wanzamin da Ya Kai Gaisuwar da Ba a Aika Ba

Da an sallame sallar asuba a Tambuwal, Ɗangiwa wanzami zai wasa askarsa, ya rataya zabira, ya haye tsohon kekensa. Wata rana ƙauyukan kusa, wata rana ya nausa har Kebbe ya yi kwanaki yana aski da ƙaho. Bana ya ajiye aska, don hannu ya fara rawa. Na zauna in jinjina masa, sai na rasa ta inda zan kama, domin babban alherin da ya yi wa gidanmu, in za a kira shi da sunansa, ƙarya ce.

Mahaifina Atiku da ƙanensa, Baffa Maccido na Kebbe, sun ɓata tun zaɓen da aka yi gab da samun 'yancin kai. Kowa da jam'iyyarsa, magana ta kai ga gori, Baba ya rantse ba zai sake taka Kebbe ba. Duk sun san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Su kuwa suka shekara, suka sake shekara, ko a jana'iza ba sa haɗa ido. Liman ya yi nasiha har ya gaji.

Ɗangiwa ke yi wa su biyun aski. Sai ya bari aska ta sauko ƙarƙashin haɓar Baba, sannan ya ce, "Maccido shina gaishe ka." Wa zai yi gardama da aska a wuya? A Kebbe ma haka yake yi wa Baffa: "Yayanka yac ce in tambayi ƙafarka, ko ta bar ciwo." Wani zuwan har da goro, wanda ashe daga aljihunsa ya fito.

Shekarar da Baba ya yi niyyar hajji, Ɗangiwa ya ƙara gishiri. Ya gaya wa kowannensu cewa ɗayan yana neman gafara, kunya ce ta hana shi faɗi. Ana gobe tafiya sai ga Baffa a zaurenmu. Suka gaisa sama-sama, suka zauna, kowa yana jiran a roƙe shi. Da shirun ya yi yawa, Baba ya ce, "To, Maccido, na yafe maka."

"Yaya, ka yafe min mi? Ni naz zo yafe maka!"

"Ba kai ka aiko Ɗangiwa da roƙo ba?"

"Ni? To, goron da ka aiko min fa?"

"Wane goro?"

Aka nemo Ɗangiwa, ya durƙusa a bakin zaure. Baba ya ce, "Ashe ƙarya kaka kai muna shekara da shekaru?"

Ya ce, "Abin da ke cikinku nika ɗauka in kai. Bakinku na yay yi nauyi."

Liman, wanda ya zo bankwana, ya ce Annabi ya koyar cewa mai kai kyakkyawar magana don sulhu ba a ƙirga shi cikin maƙaryata. Sai kuma ya ce shi dai bai san ko izinin ya kai har ga sayen goro ba. Baba da Baffa suka taru a kan Ɗangiwa da faɗa, wannan ya ajiye wannan ya ɗauka. Can suka ankara bakinsu ya zo ɗaya, dariya ta ƙwace musu, ta Baffa ta koma kuka. Baffa ne ya ɗaukar wa Baba jaka har bakin mota. Baba bai dawo ba, a Madina Allah ya karɓi abinsa.

Ni malamin makaranta ne. Ina koya wa yara cewa tun kafin annabci mutanen Makka suka sa wa Annabi suna Amintacce, don bai taɓa ƙarya ba. Na yarda da wannan, na kuma yarda da abin da Liman ya faɗa, amma har yau in yaro ya tambaye ni inda iyakar take, sai in daburce.

Kai kuwa, Ɗangiwa, ba ka daburce ba. Kai ne ka ga 'yan'uwa biyu za su rabu har abada da fushi, ka sa mutuncinka a tsakani, ka yarda a kira ka maƙaryaci a gaban jama'a. Mun gode, mai zabirar zumunci. Allah ya saka maka, ya yafe abin da ya wuce gona da iri, in akwai.

Jama'a, ban ce ku koyi ƙarya ba. Amma ga mu nan da yawa, muna kwasar mugunyar magana daga wannan zaure mu kai wancan, muna taƙama gaskiya muka faɗa. In dole sai mun kai wani abu, mu kai irin kayan Ɗangiwa.

Baffa Maccido yana zuwa gaishe shi duk sanda ya shigo Tambuwal. Rannan ina wurin na ji ya sassauta murya ya ce, "Tsakaninka da Allah, cikin gaisuwar nan duka, ko guda babu wadda Yaya ya aiko da bakinai?"

Ɗangiwa ya ce, "Akwai."

Na buɗe baki zan tambayi wacce, sai na ga yadda fuskar Baffa ta washe, na fasa.