Gashin Joygun

A ƙauyen masaƙan nan na bakin kogin Jamuna, in ka ce Joygun ba kowa zai gane ba, sai ka ce mai gashi. Tsohuwa ce 'yar firit, sana'arta naɗe wa masaƙan sari, wato zanen matan can, zare, amma in ta saki gashinta sai ya wuce gwiwa, fari fat. Kullum da hantsi takan zauna a bakin ƙofa ta shafe shi da man kwakwa, ta taje, ta kitse shi jela ɗaya. Ko ranar da babu shinkafa a tukunya, man nan ba ya yankewa. Mata suna ta tsegumi, wai tsohuwa ba haƙori a baki tana kwalliyar amare.

Abin da ya same ta kowa ya sani, ba dai mai faɗa a gabanta. Shekarar yaƙin 'yanci, tana sabuwar amarya, sojojin mamaya suka kwashe ta da wasu 'yan mata zuwa sansaninsu, suka tsare su wata da watanni suna yi musu abin da baki ba ya son faɗa. Da yaƙi ya ƙare ta dawo, mijin ya ce bai san ta ba. Gwamnati ta kira irinsu jarumai, 'yan gari suka murɗe kalmar ta koma zagi. Wanta ne ya ba ta ɗaki a bayan gida, ita kuma ta goya masa ɗansa Mofiz. Yanzu wai an waye: duk Disamba, watan tunawa da nasarar yaƙin, manya su zo da fure da mayafi, a ɗauki hoto, a kama gaba. Kai, mutane! Mayafai har sun cika mata akwati.

Wata damina ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Hidimarta ta koma kan Parul, matar Mofiz, mace mai faɗa da zuciya mai kyau, ga 'ya'ya, ga girki, ga zaren da ta karɓa don kada masaƙa su kai wa wata. Gashin nan ya cukurkuɗe, ƙwarƙwata ta samu gida. Joygun tana kwance tana jin ƙaiƙayi, ba hannun taza, tana kuma jin Mofiz a tsakar gida yana cewa a yanke kawai kowa ya huta.

Wata safiya Parul ta shigo da almakashin tela.

"Fupu," haka take kiranta, wato goggo, "Allah ya gani, hannu biyu gare ni. Zan rage miki shi zuwa wuya, ki ji iska. Wa za ki yi wa gayu, likita?"

Joygun ta kai hannunta mai lafiya ta damƙe jelar. Ta ƙura wa almakashin ido. Tsoro ne, irin wanda ta ɗauka ta binne tuntuni.

"Subhanallahi! Gashi ne fa, Fupu, tsirowa yake yi."

"Zauna, Bouma." Sunan da ake kiran matar ɗa ke nan, da shi take kiranta. Maganar tana fita da ƙyar, Parul ta sunkuyo da kunne. "Akwai wata Hena a cikinmu, 'yar masunta. Da kitsonta ta rataye kanta a taga. Washegari suka jera mu, suka yanke mana namu da wuƙar bindiga, har fata. Suka karɓe sarinmu ma. Ko mutuwa sai sun yarda." Ta huta, miyau yana zuba ta gefen baki. "Ranar da na fito na ce kan nan ba mai ƙara sa masa ƙarfe."

Parul ta sauke almakashin. Shekara da shekaru tana gidan, ta san labarin sansani, ta dafa wa masu fure shayi, amma wannan ba ta taɓa ji ba. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Joygun ta dubi hannuwan Parul, duk sun tsage da wanki, ta ji kunya da tausayi. Ta saki jelar a hankali.

"Yanke, Bouma. Na ga wahalarki. Ki dai bari in rufe ido."

Ta runtse ido tana jiran ƙarar ƙarfe. Sai ta ji an buɗe kwalba, ƙamshin kwakwa ya cika ɗakin.

"Ji tsohuwa da rigima!" in ji Parul. "Sai da kika sa ni kuka za ki ce in yanke? Gyara kanki, kada ki motsa."

Har azahar tana warware cukurkuɗen da yatsu, sili-sili. Shinkafa ta ƙone, Mofiz ya leƙo zai yi magana, ta ce ya mayar wa tela almakashinsa kafin ranta ya ɓaci. Daga ranar taza ta shiga cikin aikinta na safe. Tana yi tana mita, wai ita aka aura wa gashi. Joygun kuwa ta lumshe ido tana dariya da rabin baki.

Damina biyu suka yi a haka. Ranar da Joygun ta cika, da hantsi Parul ta taje mata kamar kullum. Da matan wanka suka raba gashin biyu suka kwantar da shi a ƙirjinta, ya sauka har gwiwa. Wata daga cikin masu tsegumin nan ta ce, "Ikon Allah, duk jinyar nan ba a rage shi ba?"

Parul ta ja likkafani ta rufe.

"Nata ne," ta ce. "Da shi za ta tafi, dukansa."