Itacen Inna a Bakin Inji

Ni na kawo maganar injin nan, ba zan ɗora wa kowa ba. A waya na gan shi: a jona shi a bayan tarakta, a zura masa reshe, ya feso shi gutsi-gutsi ta wani bututu, a watsa a gona ya ruɓe ya zama taki. Na hana yayana sakat har sai da muka tafi Kano.

Mai shagon ya nuna mana iri biyu: ƙarami da ake tura wa itace da hannu, da babba mai jan abinsa da kansa. Ya tambayi ƙarfin taraktarmu. Yaya ya ce, "Ja ce dai, kuma ta kwana biyu." Mutumin ya ce to mu ɗauki ƙaramin. Raina ya ɓaci. Mu taso tun daga Toranke mu koma da abin da bai fi injin markaɗe ba? Yaya ya zagaya babban, ya bubbuga cikinsa, ya leƙa bakinsa kamar mai tayin bijimi, ya ce, "Wannan zai ci." Shi muka sayo, kuma wallahi bai yi ƙarya ba.

To, a bayan dangar gidanmu akwai tarin itacen Inna, mahaifiyarmu. Duk rani take tara shi, reshe ɗaya yau, biyu gobe, marke da kirya busassu ƙayau. Abin alfaharinta ke nan a duniya: tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa shiga gidan wani roƙon itace da damina ba. Ita ake roƙo, ta bayar, ta haɗa wa mutum da wa'azin tanadi. Ko tsinken sakace ba mai zara a wurin.

Ranar gwaji ta tafi suna Kademi. Direban taraktarmu ya ɗaura injin, ya jona sandar ƙarfen da ke juya shi, muka tsaya a filin bayan gida da rassan darbejiyar da na kwana biyu ina sara. Aka tayar. Kafin in gama bayanin amfanin taki, ya lashe su tas yana neman ƙari. Jama'a suka ɗauki sowa.

Sai ga mai unguwa da baƙinsa daga Gafasa, ya gyara babbar riga ya ce, "To, bismilla, mu gani." Haba! Wa zai dubi babba a gaban baƙinsa ya ce masa ya makara? Na waiga hagu, na waiga dama, ba ko kara. Idona ya sauka kan tarin Inna. Na ce a raina guda ɗaya ai ba za ta gane ba.

Da hannuna na zaro shi. Injin ya fizge, tarakta ta yi nishi ta tofar da baƙin hayaƙi, baƙi suka ce, "Ikon Allah!" Ɗayansu ya ce shi ma zai gwada. Baƙo kuwa ba a hana shi. Daga nan kowa ya zama gwani, wannan ya zaro, wancan ya zaro, ina cewa "Ya isa haka" amma ƙarar inji ta hana kowa ji. Ba mu tsaya ba sai da kirya ta dakushe wuƙaƙen injin, lokacin saura guntaye uku a ƙasa.

Da la'asar Inna ta dawo. Ta damƙi garin itacen, ta sake shi ya zube.

"Wannan fa?"

"Taki ne, Inna."

"Taki. To, sannu da aiki."

Na so a ce duka ta rufe ni da shi. Kunya ta hana ni cin tuwo ranar.

Na yi saurin sayo itace amalanke guda a Ajingi. Ashe ɗanye aka danna min a ƙasa, ni kuma na jibge shi a kwari, ba duwatsu a ƙarƙashi, ba rufi. Da ruwa ya sauka ya kwana uku yana yi, itacena ya sha ya ƙoshi. Na kawo mata buhun abin da injin ya feso, aka hura ya cika gidan da hayaƙi, tukunya ko ɗumi ba ta yi ba.

Da safe na tarar da ita a bakin zaure da mayafi, ta sa takalmi za ta roƙon itace, ta kasa fita. Tausayinta ya kama ni sosai. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ƙafar ta ƙi."

Ni na je, da furfurata. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta zaunar da ni a kan turmi, ta yi min wa'azin tanadi tiryan-tiryan, matan gidan na ƙunshe dariya, sannan ta ɗora min ƙaramin dami a ka. Na ratso unguwa ana min barka da kasuwa.

Na sauke a gaban murhu. Inna ta zaɓi guda biyu ta gyara su.

"Wa ya gan ka?"

"Duk unguwa, Inna."

"Madalla. Gobe ma kai za ka je."