Karen da Ba Ya Jin Hausa

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar wata Talata, a bakin gonata ta Kurmin Kogi, mu uku ne: ni, da ƙanena, da wani dattijon Bafulatani mai ruga gabas da mu. Sai jan karen da ya jawo da igiya.

Birai ne suka kawo zancen. Masarata ta yi goyo, saura mako uku a karye ta, su kuwa sun riga sun cinye kunya huɗu ta gefen rafi. Dattijon ya ba ni aron karen har girbi, ya ce, "Sai dai fa Malam, ba ya jin Hausa."

Ni mutum ne mai son tsari. Na zaro biro da takarda, na ce ya faɗo kalmomin bi da bi. Ta farko war, wato zo. Ta biyu dillu, tafi. Ta uku jooɗa, zauna. Na tambayi sunan kare da Fillanci, ya ce rawaandu, amma mutanen Adamawa ɓoosaaru suke cewa, su kuwa a rugarsu ɗan kwikwiyo ake kira haka. Na rubuta har wannan, na ja layi.

Kwana uku ina tsaye kan kunya ina daka tsawa, "Dillu!" Kare ya dube ni, ya yi hamma, ya kwanta a inuwar ɗorawa. Birai suka ƙara kunya biyu. Ƙanena ya ce, "Yaya, ko ka miƙa masa takardar ya karanta da kansa?"

Rana ta huɗu na tafi ruga da ƙorafi. Dattijon ya ce, "To faɗi kalmar in ji." Na faɗa. Ya yi dariya har malfarsa ta faɗi.

"Malam, da kare kake magana ko da ɓarawo? Wa ke ba shi abinci?"

"Ƙanena."

"Daga ina kake kiransa?"

"Daga nesa, Baffa, saboda tsarkin tufafina."

Ya ce ba sai na taɓa shi ba. In ajiye masa tuwon da kaina, in yi fito kaɗan, in faɗi kalmar ƙasa-ƙasa, sannan in fara takawa inda nake so ya nufa. Na rubuta waɗannan huɗun a bayan takardar.

Kwana biyu ina kai tuwo. A na uku da hantsi birai suka sauko. Na yi fito, na ce dillu kamar mai raɗa, na taka. Kafin in kai kunya ta biyu har kare ya kora su ƙetaren rafi. Ƙanena ya ce ashe Fillancin Yaya ya nuna. Masara ta kai girbi, na mayar da kare tare da kwando guda na godiya.

Mai karatu, in ka ari kare a ruga, don Allah kafin ka zaro biro ka tsaya ka ji yadda mai shi ke kiransa, kuma ka kai masa tuwon da kanka.