Faifan da Malam Sabo ya ce don kansa ya kawo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka bugo min daga Dangora: Malam Sabo ya rasu.



Waɗanda suka san ni sun san hannuna na dama. Injin niƙa ya cinye min yatsu uku tun ina yaro a Ba'awa. A haka na zama mai buga tafireta a wani ofis a Kiru, kuma ba yabon kai ba, masu yatsu goma ba sa kamo ni.

Sai ga kwamfuta, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Oga ya ce wanda bai iya ba cikin wata guda, ya koma masinja. Ni da 'ya'ya huɗu, masinja!

Bugu bai dame ni ba. Mawus, ɗan linzamin nan na kwamfuta, shi ne ya zame min ƙarfen ƙafa. Aikina kwafe sunayen makiyaya masu rigakafin shanu daga wannan taga zuwa waccan a fuskar kwamfutar, tagogin kuma sai su hau kan juna. Sai ka danne mawus ka ja ɗaya gefe, ni kuwa hannun ba ya riƙewa. In ja, ya kuɓuce. Ran nan don haushi saura ƙiris in maka shi da bango.

Malam Sabo aka turo ya koya mana. Bafulatani ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Malam Idi, kawo in taya ka." Na daka masa tsawa, na ce ni ba musaki ba ne. Allah ya yafe min.

Ran Asabar Malam Sabo ya hau babur ɗinsa ya tafi Kano. Litinin ya dawo da wani ɗan faifai, ya sa wata manhaja. Ka danna maɓalli ɗaya, tagogin su jeru da kansu, ɗaya hagu ɗaya dama, ba ruwanka da mawus.

Bai kira ni ni kaɗai ba. Duk ofis ya tara, ya ce, "Jama'a, ni rago ne, jan tagar nan ya ishe ni. Daga yau kowa haka zai yi." Ko kallona bai yi ba.

Wata ya cika, ban koma masinja ba. A kujerar nan na yi ritaya.

Bara muka haɗu a wani ɗaurin aure a garin Ƙofa, yana dogara sanda. Na riƙe hannunsa na ce, "Malam, godiyar faifan nan ta daɗe a bakina, girman kai ya hana ni." Ya yi dariya ya ce, "Wane faifai? Ai don kaina na kawo."

Wallahi daga baya na gane, shi bai taɓa danna maɓallin nan ba sai in ina wurin.

Yanzu haka a fuskar kwamfutata hotonsa na hagu, rubutun nan na dama, hawaye ya hana ni ganin duka biyun.

Ya Allah, yadda ya rufa min asiri a gaban mutane, Ka rufa masa nasa ranar tsayuwa. Ka haskaka kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ya yi masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce.