Shekarar da Lorna Brekke Ta Koma Ƙofar Kicin

A gundumarmu, can yammacin jihar Minnesota, mutane ba su kai dubu tara ba, kuma kowa ya san motar kowa. Shi ya sa da aka ji Lorna Brekke za ta tsaya takarar babbar mai gabatar da ƙara ta gunduma, ba wanda ya tambaya wace ce. Cewa kawai aka yi, "'Yar Arlen? To, madalla."

Arlen direban tankar madara ne. Tun asuba yake bi gona-gona yana kwasar madara, kuma in an yi hutun makaranta Lorna na gefensa. Da wuya a sami kicin ɗin da ba ta zauna tana cin burodi da man shanu ba, ƙafafunta na lilo ba sa taɓa ƙasa. Ni a lokacin wasiƙu nake rabawa, muna yawan haɗuwa da su a hanya.

Da ta gama sakandare ta sami aikin buga takardu a kotu, ta auri Dale mai gyaran tarakta, suka haifi 'ya'ya biyu. Shekara da shekaru tana gyara wa lauyoyi rubutunsu suna shan yabo. Ba ta yi ƙorafi ba. Karatun yamma ta shiga, ta yi ta ja a hankali, har ta zama lauya tana da shekara arba'in da biyu. Tsohon mai gabatar da ƙara, Wendell Aasen, ya ɗauke ta mataimakiya.

Wendell mutumin kirki ne, amma ba ya iya kallon mai kuka. In an yi hatsari a hanya, ko an kama ɗan wani, ko shari'a ta ƙare ba yadda iyali suka so ba, Lorna yake turawa. Sai ta sa baƙar kwat ɗinta, ta ɗauki jakar takardu, ta bi ɗan sanda zuwa ƙofar gaban gidan ta kai labari. Shekara goma sha ɗaya tana wannan.

Da Wendell ya ce ya gaji zai huta, mutum biyu suka fito neman kujerar: Lorna da Curtis Lindgren, lauyan filaye, mai fara'a, wanda ba shi da abokin faɗa. Ofishin na mutum biyu ne kacal, kuma Curtis yana da wanda zai ɗauka mataimaki. In Lorna ta faɗi, babu sauran aiki irin nata a gundumar. Sai dai birni, tafiyar awa uku, ga kuma garejin Dale da ba ya ɗaukuwa a ka.

A watan Satumba ta fara bi gida-gida. Sati uku tana yi, abin ya ƙi armashi. A buɗe mata ƙofa kaɗan, a karɓi takarda, a ce an gode, a rufe. Allunan kamfe na Curtis suka cika bakin hanya, nata kuwa suna jingine a gareji.

Ta ce wa Dale, "Ai na sani. Gidan da ban gurfanar da ɗansu ba, na gurfanar da surukinsu."

Dale ya ce, "Ni dai ƙuri'ata taki ce, in kin daina ajiye min katakan nan a kan hanya."

Wata ranar Talata, ana tsakiyar girbin masara, ta tsaya a gonar su Tollefson. Ta taka matakalar ƙofar gaba, ta ƙwanƙwasa. An daɗe kafin makullin ya juya, don ƙofar ta cije. Da Irene Tollefson ta gan ta, kwanon ƙullun da ke hannunta ya suɓuce ya fashe.

"Wanne ne?" in ji Irene. "Mijina Gene ne? Injin girbi ne ya kama shi? Faɗa min kawai, Lorna, kar ki ja ni."

"A'a, a'a! Lafiyarsa ƙalau, ga shi can na wuce shi a gona. Ƙuri'a na zo nema."

Irene ta zauna daɓas a kan matakala, ta dafe ƙirji. Da numfashinta ya dawo ta ce, "Ƙuri'a? Allah ya shirye ki, 'yar nan. Saura kaɗan ki binne mai ƙuri'ar."

Daga nan Lorna ba ta ƙara gida ko ɗaya ba. Gidan Gwaggo Edna ta wuce, ƙanwar mahaifinta, wadda ta haura tamanin. Ta same ta tana feraye tuffa, ta kwashe labarin ta gaya mata.

Edna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yanzu da kika shigo nan, ta ina kika biyo?"

"Ta kicin mana, Gwaggo."

"Gidan Irene fa?"

"Ta ƙofar gaba," in ji Lorna.

"Ƙofar gaban gidan nan sau uku aka buɗe ta tun da na tare," in ji Edna. "Ranar da aka shigo da fiyano, da ranar da soja ya zo da labarin ɗana, da ranar da aka fita da gawar kawunki. Ubanki ya yi shekara talatin yana shiga gidajen mutane, na tabbata bai san launin ƙofar gaban kowa ba. Miƙo min wancan kwanon. Kuma wannan kwat ɗin, ko ni da na yi miki wanka in na hango ta sai gabana ya faɗi."

Washegari Lorna ta fito da tsohuwar rigar sanyi ta Dale, ta bar jakar a mota. Ta koma gidajen da ta riga ta je, ɗaya bayan ɗaya, tana zagayawa ta baya, ta wuce kare da igiyar shanya, ta tuɓe takalmi a barandar kicin, ta leƙa ta ce, "Akwai mutane kuwa?" A ce ta sha kofi, ta ce a'a ta gode. A sake cewa, ta ce kar a wahala. A na uku ta zauna, yadda aka saba. Dā gida ashirin take yi a yini, yanzu da ƙyar take yin shida, kuma maganar zaɓe ba ta fi ta minti biyu ba. Sauran duk farashin masara ne, da ciwon gwiwa, da wanda ya sayar da gonarsa. Wasu sun tuna mata ƙarar da ta shigar da nasu, ta saurara har suka gama. Alluna suka fara raguwa a gareji, har Dale ya sami wurin juya mota.

Gida ɗaya ya rage, ta yi ta ɗaga zuwansa har saura kwana huɗu a yi zaɓe: gidan Orville Hovland. Ita ce ta tsaya a kotu har aka ɗaure ɗansa Rolf shekara biyu, don ya tuƙa mota a buge ya karya wa wata malamar makaranta ƙugu. Orville ne shugaban ƙungiyar manoma ta arewacin gunduma, kuma mutanen wajen ba sa yanke shawara sai sun ji ta bakinsa. Dale ya ce ta ƙyale. Ta ce in ta tsallake shi, kowa zai san ta tsallake.

Da hantsi ta isa. Ta zagaya ta baya, ta tuɓe takalmi. Orville na zaune a teburin kicin yana gyaran wani ƙarfe, ya dube ta ta saman tabarau.

"A'a, Lauya da kanta. Yau ba ɗan sanda? Ko yana can ya tare ƙofar gaba kar in gudu?"

"Ni kaɗai ce, Mista Hovland."

"To ai kin riga kin shigo. Kofi?"

"A'a, na gode."

Ya ci gaba da aikinsa. Lorna na tsaye da safa a kan daɓe mai sanyi, agogon bango na bugawa. Matarsa Bernice ta juya musu baya tana wanke kwanon da ya riga ya fita. Can Orville ya ce, "Akwai shi a kan wuta, zubarwa za a yi."

"Kar a wahala."

Ya daɗe ƙwarai kafin ya tura kujera da ƙafa. "Zauna ki sha, kin tsaya min a ka kamar mai karɓar haraji."

Ta zauna. Ya ce, "In aka maido ki ranar shari'ar Rolf, za ki sake?"

"Zan sake. Amma da na fara zuwa nan na gaya muku da bakina, kafin ku ji a kotu."

Orville ya juya ƙarfen a hannunsa. "Ba zan kafa allonki ba. Kuma kar ki sa rai da ƙuri'ata."

"Ban sa ba. Yaya Rolf?"

Bernice ce ta amsa, ba tare da ta juyo ba. "Wata goma sha huɗu bai taɓa kwalba ba. Yana aikin walda." Sannan ta yanko kek ɗin tuffa, ta ajiye a gaban Lorna, yanka babba.

Abin da Orville ya faɗa a taron manoma na ranar Asabar, ban ji da kunnena ba. Waɗanda suka je sun ce da aka tambaye shi, cewa ya yi kowa ya bi ransa, shi bana ba shi da ɗan takara. A shekara ashirin bai taɓa faɗin haka ba.

Lorna ta ci da ratar ƙuri'a sittin da ɗaya. A arewa Curtis ne ya yi rinjaye, amma ba da yawan da ya zata ba.

Washegarin zaɓe, da safen Laraba, Curtis ya same ta a gidan shayin da ke kallon kotu, ya miƙa mata hannu. "Barka, ranki ya daɗe. An ce kin sha kofin gundumar nan kaf. Yaushe za ki sake yin barci?"

"Sai bayan Kirsimeti," in ji ta. "Zauna mana."

"A'a, na gode."

"Curtis, ba ni da lokacin yi maka sau uku, ina da shari'a ƙarfe tara."

Ya yi dariya ya zauna. Shari'ar ta wasu maruƙa huɗu ce da suka kwana a garken da ba nasu ba.

Yau shekararta shida a kujerar, an sake zaɓenta ba hamayya. Dale na nan a garejinsa, sai ƙorafin baya. Ta ɗauki wata matashiyar lauya mataimakiya, amma in labari mai nauyi ne, da kanta take zuwa. Ranar Lahadi tana koyar da yara waƙa a coci, duk da muryar ba wata ta kirki ba ce, kuma har yanzu ba a sami wanda zai gaya mata ba.