Dashen da Baffa Ya Ba Mu

A ƙauyenmu, gefen Bunkure, ba a sayar wa ɗan'uwa dashen tumatir. Kyauta ake ba shi, kuma wanda aka ba ba ya tsayawa dube-dube.

A shekarar da na fara aiki a wata gonar gwaji wajen Kadawa, Baba ya aike ni karɓo dashe wurin yayansa, Baffa, can bayan gidansa inda yake renon iri. Ina tsugunawa na ga ganyen wasu ya nannaɗe kamar kunnen ɓera, ƙananan fararen ƙudaje na tashi daga ƙarƙashinsa. Na gane cutar sarai. Na ɗago, sai na ga Baffa yana murmushi yana ƙara mini dami. Na ce Allah ya saka da alheri, na ɗaure a babur.

Bayan 'yan makonni layi biyu suka murɗe, suka yi rawaya. Hankalina ya tashi, domin gonar nan ita ce abincinmu na rani. Na ce a tuge su a ƙone kafin ƙudajen su yaɗa cutar. Baba ya ce a tsinke mugun ganyen kawai, ya sha ganin shuka ta warke da kanta.

Na ce gaskiya ne, shuka tana da nata tsaro: idan ƙwayar cuta ta shige ta, sai ta daddatsa saƙon ƙwayar, ta aika gutsattsarin ko'ina a jikinta don kowane ganye ya gane ɓarawon. Amma wannan ƙwayar tana ƙera wani abu da ke toshe wannan tsaron, gargaɗin ya mutu a hanya. Sabon ganye ya fito bai san komai ba.

Baba ya dubi gonar Baffa, wadda kwata ɗaya ta ruwa ta raba da tamu.

"In tuge abin da Yaya ya ba ni da hannunsa, yana kallo?"

Na ji haushi, amma na bar su ba a tuge ba. Kullum da safe ina zagayawa, ina ganin rawayar tana cin layi bayan layi.

Ranar da muka tuge, cutar ta riga ta kai bakin kwata. Baffa na tsaye a tasa gonar, ita ma ta lalace. Baba bai ɗago ba ya tambaye ni:

"Ranar da ka ɗauko, ba ka ga komai ba?"

"Na gani, Baba."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙo mini ashana, ya koma kan layi na gaba.